Ruwan Jidda da Kududdufin Ƙofar 'Yandaka

Jidda,
14 ga Janairu, 2024

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Inna Delu da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Inna ta ce mani a waya sanyin bana ya tayar maka da ita, har ka koma yin sallar asuba a zaune. Na haɗa man shafawa guda biyu da wannan takarda na ba Alhaji Lawal, tunda ya kawo mutanensa Umara kuma jibi zai juya. A riƙa shafawa safe da yamma, ba sai ciwon ya taso ba. Mu nan lafiya lau. Maigidan yana gaishe ka, aikin asibiti kuma da godiya.

Na san waya ba ta yi maka amfani saboda kunnen, shi ya sa nake tara labari in zauna in rubuta. Na wannan karon kuwa kai ne farkon wanda ya kamata ya ji.

Baba, na shiga teku.

Wata abokiyar aikina 'yar Masar, ita ma nas, ta matsa mani in raka ta wani wurin shaƙatawa da ke bakin Bahar Maliya, arewa da gari. Wuri ne mai ciyawa da rumfuna, iyalai na zaune suna shan shayi. A ƙarshensa akwai matakalar ƙarfe da ta sauka cikin ruwa. Ba jirgi ba kwalekwale, daga tudu ake shiga da ƙafa. Safiyar Talata ta mata ce zalla, kayan da ake sawa kuma sun rufe jiki ruf har kai, kada hankalinka ya tashi ta wannan wajen.

Aka ba ni gilashi mai rufe ido da hanci, da wani bututu da ake kamawa da haƙori, bakinsa na sama yana waje ana shaƙar iska. Aka ce in kwanta rubda ciki a kan ruwa in sa fuskata. Na daɗe riƙe da matakala ina karanta duk addu'ar da na sani. Da na sa fuskar, sai tsoron ya tafi. Ruwan garau yake kamar babu shi. Duwatsun murjani sun bazu kamar lambu, kifaye na kai da kawowa a tsakaninsu, masu rawaya da ratsin baƙi, da wasu shuɗi shar kamar yanzu aka tsamo su daga marina. Wani babba mai baki irin na aku yana gatsar dutse har ina jin ƙarar. Da muka ƙara gaba kaɗan sai ƙasar ta ƙare kwatsam, kamar mutum ya leƙa daga kan ganuwa, daga nan sai shuɗi har iyakar gani.

Na sa sunana a cikin masu koyon nutso da tukunyar iska. Malamar mace ce.

Tun da Babana, ƙanenka, ya rasu ka ɗauke ni ina shekara huɗu, a unguwa ba a kirana sai ɗiyar Gwadabe mai shiga rijiya. Ranar da na fito daga ruwan nan na ce a raina, ashe abin gado ne.

Ɗiyarka,
Sadiya


Ƙofar 'Yandaka, Katsina,
5 ga Fabrairu, 2024

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, man shafawa ma ya iso, Allah ya yi maki albarka. Ƙafa da sauƙi. Innarki lafiya lau sai ɗan tari. Mahaifiyarki na nan ƙalau a Ƙofar Kaura, an yi sunan jikar mijinta makon jiya, Innarki ta je. A gaida maigidanki Malam Bashir da kyau.

Sunan tsohuwata aka sa maki, shi ya sa ban taɓa iya yi maki faɗa ba. Yau ma ba faɗa zan yi ba.

Na karanta takardarki sau uku. Kin ce gado ne. Ba gado ba ne, uwata. Aiki ne na yi a hukumar kashe gobara shekara talatin da ɗaya, kuma da aka ga ina da dogon numfashi sai aka bar mani na ruwa. Rijiya, kududdufi, kwalbati in an yi ambaliya. Kayan aikina igiya ce a ƙugu, da ƙugiya, da numfashin da Allah ya ba ni. Ban taɓa ganin komai a ƙarƙashin ruwa ba. Da ka nutsa kamu biyu duhu ne, ko ka buɗe ido ko ka rufe duk ɗaya. Da hannu ake nema. Ka taɓa gwangwani, ka taɓa tsumma, ka taɓa ƙashin akuya, har ka taɓa abin da ka zo nema. Hannu yana gane mutum tun kafin zuciya ta yarda. Waɗanda na fito da su da rai ba su kai yatsun hannuna biyu ba. Sauran na daina ƙirgawa tun ina saurayi.

Don haka in kika ce mani mutane suna barin shayinsu a kan ciyawa su shiga ruwa don nishaɗi, kaina ba ya ɗauka. Kin san kuma ta inda mahaifinki ya tafi. Ba zan ƙara a kan wannan ba.

Mijinki ya sani? Ya yarda? In ya yarda, ni ba ni da ikon hana ki. Amma da za ki bari, da na fi samun barci.

Abu ɗaya nake so in tambaya. Kin ce ruwan garau yake. In kin miƙa hannunki a ƙasan, kina ganin yatsunki?

Mahaifinki,
Gwadabe Dabo


Jidda,
17 ga Maris, 2024

Baba,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadunmu. Ina fatan azumin bai wahalar da kai ba. Kada ka manta maganin hawan jini da sahur ake sha, ba da buɗa baki ba. A gaida Inna, a ce mata ta daina tsayawa kan hayaƙin itace da wannan tarin.

Maigidan ya sani, ya kuma yarda. Shi yake kai ni, ya zauna a mota da littafinsa har in fito. Na ji maganarka, Baba, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Ina roƙon ka bar ni in ƙarasa karatun kawai, saura kaɗan.

Amsar tambayarka: ina ganin yatsuna, ina ganin zoben hannuna, ina ganin wadda ke nesa da ni kamar daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci. Kafin azumi mun sauka har mita goma sha biyu da tukunyar iska a baya. A can ba a jin komai sai numfashin mutum. Wani kunkurun teku ya zo ya wuce ta gabana bai ko dube ni ba.

Abu na farko da aka koya mana shi ne kunne. In kana sauka, ruwa yana danne dodon kunne, sai ka toshe hanci ka hura a hankali har ka ji ya buɗe, ka yi ta yin haka duk taku. In ba ka yi ba yana iya fashewa. Da malamar ta bayyana wannan sai na ji ƙwalla ta cika mani gilashi. Shekara talatin da ɗaya kana sauka rijiya a guje, don wani yana ƙasa yana jira. Yanzu na san inda jinka ya tafi.

Darasi na ƙarshe kafin mu tsaya don azumi na ceto ne. Malamar ta tara mu a bakin matakala ta ce, “Wanda ruwa ke ci ba ya gane kowa. Ko uwarsa ce ta zo, zai hau kanta ya danne ta. In ya riƙe ki, kada ki ji kunya, ki ɓamɓare hannunsa, ki ture shi, ki tsira tukuna. Gawa ba ta ceton kowa.”

Wata a cikinmu ta ce, “Ko da ɗan'uwanka ne?”

Ta ce, “Shi ya fi kashe mutum, don shi ne ba a iya turewa.”

Tun ranar nake tunaninka, kai da Babana. Na ce ashe akwai abin da Baba ya sani game da ranar nan wanda bai taɓa gaya mana ba.

Takarda ta ƙare mani, mutumin Alhaji Lawal kuma yana jira a ƙasa.

Ɗiyarka,
Sadiya


Jidda,
22 ga Yuni, 2024

Baba,

Assalamu alaikum. Barka da sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kana lafiya.

Wata uku ke nan da na rubuto maka ban ga takardarka ba. Da farko na ce hidimar azumi ce. Daga baya na ce ai an rufe Umara saboda aikin Hajji, babu mai zuwa. Amma Alhaji Lawal da kansa ya zo da alhazai, na je na same shi, ya ce ya biya ta gida kafin ya taso ka ce mashi babu saƙo.

Inna ta ce lafiyarka ƙalau, sai dai ka daina zama ƙofar gida da yamma, abinci kuma sai ta yi da gaske. Na tambaye ta ko wani abu aka yi maka, ta ce ita ma ba ta sani ba, tun cikin azumi ne.

Na san laifina. Ka ce da zan bari da ka fi samun barci, ni kuma na amsa maka da labarin kunkuru. Na bari, Baba. Tun bayan ƙaramar sallah ban koma ba, kayan suna cikin akwati. Babu wani kifi a duniya da ya kai fushinka. Ka yi haƙuri ka rubuto mani ko layi ɗaya ne.

Ɗiyarka,
Sadiya


Ƙofar 'Yandaka,
20 ga Yuli, 2024

Uwata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, Innarki ma haka. Damina ta zauna, Alhamdu lillahi.

Ba fushi nake ba. Kin rubuta cewa akwai abin da na sani game da ranar nan wanda ban gaya maku ba. Ban san wanda ya gaya maki ba, ko kuwa ke kika haɗa da kanki daga maganar malamarku. Na fara amsa sau da yawa ina yagawa. Tunda kin tambaya, hakkinki ne.

Watan Agusta ne, shekara ashirin da bakwai ke nan. An wuni ana ruwa, bai ɗauke ba sai bayan la'asar. Ranar ba ni da aiki, ina kan tsani ina gyara indararo. Mahaifinki Kabiru yana dawowa daga makarantar da yake koyarwa, a kan kekensa, ya biyo ta gefen babban kududdufin nan da magina ke haƙar ƙasa. Gefen ya jiƙe, ya zabtare da shi. Mahaifinki bai iya ruwa ba. Tun muna yara tsohuwa ta hana shi, ta ce ɗa ɗaya ya ishi ruwa.

Na ji ihu ana kiran sunana. Ban tsaya ɗaukar igiya ba. Da na isa, hularsa ce kawai a sama. Na faɗa.

An gaya maki, an gaya wa kowa, cewa ban same shi ba sai da magariba, bayan rai ya yi halinsa. Ni na faɗi haka. Ba haka ba ne.

A nutso na biyu na same shi, kuma da ransa. Na taɓa rigarsa, kafin in zagaya ta bayansa kamar yadda na saba, ya juyo ya kama ni. Hannu biyu a wuya, ƙafafunsa ya naɗe mani ƙugu. Ban taɓa sanin Kabiru yana da ƙarfi haka ba. Muka yi ƙasa tare har ƙafata ta shiga laka. Na yi ƙoƙarin ɗaga mu duka biyu, lakar ta riƙe. Na bubbuga mashi baya irin yadda nake yi mashi muna yara, ko zai gane ni ne. Bai gane ba. Numfashina ya ƙare, na fara haɗiyar ruwa.

Na kama yatsunsa na lanƙwasa su baya. Na ji biyu sun karye. Na sa gwiwa a ƙirjinsa na ture shi, na taso.

Mutane sun cika bakin ruwa. Wani ya ce, “Gwadabe, ka same shi?”

Na ce, “A'a.”

Kalmar nan ta fita kafin in yi tunani, daga nan kuma ban san yadda zan mayar da ita ba. Na koma sau shida. Turin da na yi mashi ya kai shi wani rami da ban sani ba. Ana kiran magariba na fito da shi.

Ni da liman muka yi mashi wanka. Ni na riƙe wannan hannun don kada liman ya gani. Na yi mako biyu da mayafi naɗe a wuya, na ce mura nake.

Na san abin da malamai suka ce, kowa da ranarsa, ban kuma yi jayayya da hukuncin Allah ba. Na san abin da malamarku ta ce, mu ma haka aka koya mana. Amma na fito da mutanen da ban sani ba da ransu. Na wajena guda ɗaya, wanda muka sha nono ɗaya, shi na sa wa gwiwa. Da ma a ce na tsaya na ɗauki igiya. Da ma a ce na zo mashi ta baya. Shekara ashirin da bakwai ina sake shiga ruwan nan ta hanyoyi iri iri.

Kada ki zaci riƙon da na yi maki biyan wani abu ne. Da farko ina jin akwai haka a ciki, ba zan yi maki ƙarya ba. Amma ba a yi shekara ba kika zama tawa kawai.

Innarki ba ta sani ba. Mahaifiyarki ba ta sani ba. Ke ce ta farko. Ina neman gafararki, in kina iyawa. In ba ki iyawa, ba zan ga laifinki ba.

Gwadabe


Ƙofar 'Yandaka,
15 ga Satumba, 2024

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da Malam Bashir. Mu nan lafiya. An fara cin sabon gero.

Alhaji Lawal ya tabbatar mani takardata ta shiga hannunki tun farkon Agusta. Ban rubuto don in matsa maki ba. Shirunki amsa ce, na kuma karɓa. Innarki ta ce kuna magana a waya kina tambayar ƙafata, wannan ma ya ishe ni.

Abin da ya sa na rubuto, na ga bai kamata ki ɗauki wannan kaya ke kaɗai ba, kina kallon mahaifiyarki kina ɓoye mata. Don haka na gaya wa Innarki, ranar Juma'a kuma na tafi Ƙofar Kaura. Na nemi izinin mijinta, ya ba mu zaure. Na faɗa mata duk abin da na faɗa maki, kaina a ƙasa.

Da na gama ta yi magana ban ji ba. Na ce ta ɗaga murya. Kin ga irin abin da kurumta ke jawowa, maganar da ya kamata a yi ta a hankali sai da mahaifiyarki Furera ta faɗe ta da ƙarfi kamar mai kiran yaro.

Ta ce, “Yaya, na sani.”

Na ce, “Wa ya gaya maki?”

Ta ce, “Ranar sadakar uku ka sunkuya za ka ɗauki Sadiya, mayafin ya zame. Na ga wuyanka. Shatin farce ne, kuma matacce ba ya yaƙushi.”

Na ce, “Shekara ashirin da bakwai, ba ki ce komai ba?”

Ta ce, “Me zan ce? Na yi kwana arba'in ba na son ganin fuskarka. Daga baya na zauna na yi tunani, da kun tafi ku biyu, wa zai riƙe mani ita? Na zaci ka san na sani.”

Ta shiga ciki ta kawo mani fura. Na sha, don ban san abin da zan yi ba in ban sha ba.

Ki kira ta. Tana jiranki.

Gwadabe


Jidda,
12 ga Oktoba, 2024

Baba,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardunka biyu suna gabana. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna. Mu lafiya lau. Na kira Umma, mun daɗe muna magana, rabinta kuka.

Da farko, Baba, ban san komai ba. Wallahi babu wanda ya gaya mani, ban kuma haɗa komai ba. Abin da nake nufi da layin nan shi ne wahalar da ka sha a ruwan ranar kana neman ƙanenka a cikin duhu, wadda ba ka taɓa ba mu labarinta ba. Tausayinka nake ji, na rubuta shi a gurguje mutum yana jira a ƙasa. Da na san yadda za ka karanta shi, da na yaga takardar. Yanzu kuma ban san ko zan so a ce na yaga ba.

Ba zan ce maka takardarka ta ɓata a hanya ba. Ta zo, na karanta a tsaye a ɗakin canja kaya na asibiti, na ninke, na koma na ci gaba da ba marasa lafiya magani. Na yi makonni ina jin haushinka. Ba wai don ka ture shi ba. Wannan “a'a” ɗin ce ta tsaya mani. Na girma ina cewa Babana bai sha wahala ba, ruwa ya ɗauke shi nan take. Ka karɓe mani wannan, ban kuma san me zan sa a wurinsa ba. Ban taɓa tunanin yatsunsa ba sai yanzu.

Cikin Satumba na ciro kayan daga akwati na koma wurin nan. Ba kallon kifi na je ba. Na sami malamar na ce ina so ta gwada mani darasin ceto, amma da gaske, ita ce mai nutsewa, ni ba tukunyar iska, kuma kada ta sassauta.

Ta ce, “Me ya faru?”

Na ce, “Akwai abin da nake so in sani.”

Ta dube ni, ta kira mataimakiyarta ta tsaya kusa, muka shiga. Ruwan bai fi mita uku ba. Rana tsaka, ina ganin matakala, ina ganin yashi a ƙasa, na kuma san wasa ne. Ta kama wuyana ta naɗe ni muka yi ƙasa. Baba, na yi niyyar in ƙirga in ga iya inda zan kai. Ban kai ko'ina ba. Ban san lokacin da na yanke shawara ba, don ban yanke ba. Na dai ga kaina a sama ina tari, ita kuma ta taso tana riƙe da haƙarƙarinta inda gwiwata ta same ta. Matar da nake ƙauna, wadda ta riƙe hannuna ranar da na fara sauka. Ta ce daƙiƙa goma sha ɗaya na yi.

Kai ka kai har laka. Ka tsaya kana bubbuga mashi baya.

Na zauna a kan matakalar nan ƙafafuna cikin ruwa na yi kukan da ban yi ba ina shekara huɗu.

Ni a ganina babu abin da zan yafe a kan abin da ya faru a ƙasan ruwa. Amma ka roƙa, kuma na san ba za ka natsu ba sai ka gani a rubuce: na yafe maka, Baba, duniya da lahira, har da “a'a” ɗin. Kai ma ka yafe mani wata biyun da na bar ka kana jira.

Ina da buƙata ɗaya. A gidanmu ba a ambaton Babana sai a addu'a. Na san yadda ya mutu, yanzu fiye da yadda nake so. Ban san yadda ya rayu ba. Ka ba ni labarinsa.

Ɗiyarka,
Sadiya


Ƙofar 'Yandaka,
3 ga Nuwamba, 2024

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ranar Laraba. Allah ya yi maki albarka, ya ba ki masu yi maki abin da kika yi mani. Ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan. Lafiyata lau, Innarki ta ce in gaya maki na koma cin tuwo malmala biyu. Ki gaida malamarku, ki ba ta haƙuri a madadina. Maganar shiga ruwa kuma tsakaninki da mijinki ne, na cire bakina. Ki dai riƙa shiga da mutane.

Kabiru mutum ne mai surutu. In ya fara ba da labari shi yake fara yin dariya, har ya kasa ƙarasawa, sai an jira shi. Yana kiwon tantabaru a kan soron tsohuwa, kowace da sunanta, sunayen kuma na malaman da suka taɓa dukansa ne. Ba ya cin kuɓewa. Yana da kyawun rubutu, har mutanen unguwa ke kawo mashi takardun neman aiki ya rubuta masu, in an samu ya fi mai aikin murna. Ranar da aka haife ki ya hau kekensa ya zagaya dangi kaf yana sanarwa, ya manta bai sa takalmi ba. Ni da shi mun taɓa yin wata guda ba ma magana a kan wata rediyo, ban ma tuna wa ke da gaskiya ba. Ina jin shi ne.

Ina rubuta wannan Innarki ta leƙo ta ce dariyar me nake ni kaɗai. Na ce Kabiru na tuna. Ta tsaya a bakin ƙofa, can ta ce, “Ka tuna ranar da tantabarunsa suka shiga mani cikin garin tuwo?” Muka yi ta yi har shayi ya huce.

Jiya na bi ta wajen kududdufin. Tun ranar nan ban sake bin hanyar da ƙafata ba sai in aiki ya tilasta, tun da na yi ritaya kuwa ko sau ɗaya. An cike fiye da rabinsa, an yi shaguna. A daidai inda na kwantar da shi, wani bawan Allah ne ke gyaran waya, bai san ni ba, ban san shi ba. Na tsaya na yi wa mahaifinki addu'a. Na daɗe, har mutumin ya zaci gyara na kawo ina jiran layi. Ya jawo benci ya kakkaɓe, ya yi mani nuni da hannu.

Na zauna.

Mahaifinki,
Gwadabe Dabo